Sale Ba Rangwame Ba Ne, Ladi Ba "Lady" Ba Ce: Sunayenmu Tsakanin Turanci da Larabci a Doha

Wanda ya hau jirgin ƙasan birnin Doha ta layi mai launin zinariya, in ya baro Msheireb ya nufi yamma, tasha ta biyu da zai ji an sanar ita ce Al-Sadd. Unguwa ce mai cunkoso, cike da benaye da shagunan waya da gidajen abinci na Labanawa da Indiyawa da Turkawa. Masu kallon ƙwallo sun san sunanta ta dalilin ƙungiyar Al-Sadd, wadda Xavi ya buga wa wasa daga 2015 zuwa 2019 kafin ya zama kocinta. A nan nake zaune tun da na zo karatun digiri na biyu.

Baƙon da Turanci kaɗai ke kansa, in ya ga sunan unguwar a allo, abin da ke fara zuwa masa shi ne "sad", wato baƙin ciki. Ana ma yin raha da haka ranar da ƙungiyar ta sha kashi. Alhali babu ruwan sunan da baƙin ciki. Sadd, da shadda a kan dal, ita ce kalmar da Larabawa ke kiran madatsar ruwa da ita, shi ya sa Misirawa ke ce wa babbar madatsar Aswan Sadd al-Ali.

Abin da ke faruwa da sunan unguwar shi ke faruwa da sunayen mutanenmu, sai dai unguwa ba ta jin ciwo. Ɗauki Sa'ad, sunan Sarkin Musulmi na yanzu, da danginsa Sa'adu da Sa'adatu da Sa'idu. Duka daga tushe ɗaya suka fito. Amma da zarar kwamfuta ta share 'yar alamar nan da ke tsakiya, suna ya koma Saad, sai bakin mai Turanci ya haɗiye sauran, a kira mutum da "sad". Sunan da uba ya raɗa don fatan rabo da farin ciki ya juye ya zama kishiyarsa, ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba.

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Kusan duk kalmar Turancin da ta yi kama da sunan Bahaushe, dacewa ce kawai, ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Inda suka haɗu shi ne a kan takarda. Lokacin da Turawan mulki suka tsara rubutun boko, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya wallafa a 1912, an ɗauki baƙaƙen Turanci ne amma ba a ɗauki yadda Ingilishi ke karanta su ba. A Hausa kowane wasali da aka rubuta ana furta shi, kuma "a" kullum "a" ce. A Turanci kuwa "e" ɗin ƙarshen kalma yawanci shiru take yi, har ta sauya wasalin da ke gabanta. Don haka Sule da Sale da Tine da Kande da Asabe, duk wanda sunansa ya ƙare da "e" ya shiga uku a bakin wanda bai san Hausa ba. Ga kuma tsawon wasali da karin sauti, waɗanda bokonmu ba ya nunawa sam. Mu mun san su ne domin da su muka tashi.

A gida wannan ba matsala ba ce, kowa ya san yadda ake kiran Sule. A Ƙatar kuwa 'yan ƙasa tsiraru ne, mafi yawan mazauna baƙi ne daga Indiya da Nepal da Bangaladesh da Filifin da Masar da Kenya da sauransu, kuma harshen da ke haɗa su a kanti da asibiti da wurin aiki shi ne Turanci. Ma'aikaciyar jinyar da za ta kira sunanka wataƙila 'yar Kerala ce, mai kawo maka abinci a babur ɗan Uganda, mai rubuta suna a kofin shayi 'yar Manila. Kowannensu da idon Turanci yake karanta sunanka, sannan ya furta shi da harshen uwarsa.

Ranar da aka haife ni

Ina da sunan yanka kamar kowa, amma ranar Lahadi aka haife ni, don haka tun ina goye Ladi ake kirana, kuma shi ne ya shiga rajistar firamare ya biyo ni har fasfo. A nan Doha, cikin mutum goma da za su ga sunan, da wuya biyu su furta shi daidai a karon farko. Sauran "Lady" suke cewa, wasu har da murmushi, suna ganin sun yaba mini. Wata abokiyar karatuna ta taɓa ce mini iyayena sun iya zaɓen suna, tun ina jaririya sun ba ni sarauta.

Ban ji haushi ba, amma na yi mata bayani, domin abin da ta ɗauka yabo ne ya fi sunan nawa talauci. "Lady" ba ta gaya maka komai game da mace sai cewa mace ce, ko kuma matar wani mai muƙami ce a Ingila. Asalinta ma a tsohon Turanci, mai kwaɓa burodi take nufi, shi kuma "lord" mai tsaron burodin. Ladi kuwa labari ne a dunƙule. Duk Bahaushen da ya ji shi ya san ranar da na zo duniya, ya san cewa a gidanmu akwai tsohuwar da ke riƙe da al'adar sunan rana, kuma yana iya hasashen cewa sunana na yanka na wata babba ce da ake jin kunyar kama sunanta. Haka Talatu da Larai da Lami da Jummai da Asabe, haka Ɗanladi da Bala da Ɗanlami da Ɗanjuma. Ita kanta Lahadi daga Larabci take, al-ahad, rana ta ɗaya, kuma a nan ne na ga ma'anar a aikace, domin ranar Lahadi ake komawa aiki da makaranta bayan hutun Juma'a da Asabar. Balarabe, in ka yi masa wannan bayani, nan take yake ganewa.

In na gaji da dogon bayani, Ladi Kwali nake kawowa. Ita ce matar da hotonta ke bayan takardar naira 20 tana ginin tukunya. 'Yar Gwari ce, amma sunan rana na Hausa take ɗauke da shi, wanda ke nuna nisan da al'adar ta yi. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Gidajen tarihi na Turai da ke ajiye da tukwanenta Ladi suka rubuta a ƙarƙashinsu. Haka Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006. Sunansa ya yi kama da "coffee" a kunne, alhali a wurin Akan na Ghana, Kofi shi ne Ɗanjuma. Duniya ta koyi furta shi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Sani. Samari da yawa masu wannan suna, in sun fito waje, sai ka ji sun koma "Sunny", wasu da kansu suke gabatar da kansu haka. A Turanci kalmar tana nufin wuri mai hasken rana ko mutum mai fara'a, a kudancin Najeriya kuma gajeren Sunday ne, kamar na mawaƙin nan King Sunny Ade. To Sani da ya zama Sunny ya tashi daga na biyu ya koma Ɗanladi ke nan bai sani ba. Domin Sani lissafi ne: in uba ya sa wa 'ya'yansa maza Muhammadu a jere, sai a bambanta su da Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, har zuwa Ashiru. Kuma a duk duniya babu inda ya kamata Sani ya riƙe sunansa da kyau kamar Ƙatar. Gidan sarautar ƙasar Al Thani ake kiransa, wato zuriyar Thani, mahaifin Shaihu Muhammad bin Thani da ya ƙulla yarjejeniya da Ingila a 1868. Harafin da Larabawa ke furtawa da harshe tsakanin haƙora shi ne Hausa ta mayar "s", kamar yadda Uthman ya zama Usman. Sani da Thani kalma ɗaya ce. Mutum yana ɗauke da sunan kakan sarakunan ƙasar da yake zaune, ya ajiye shi ya ɗauki na yanayin gari.

Sauran ba sai na tsaya dogon bayani ba. Ado, gajeren Adamu, sunan da Sarkin Kano Ado Bayero ya riƙe sarauta da shi daga 1963 zuwa 2014, a Turanci hayaniyar banza ce. Nana, da muke girmama A'isha da Faɗima da Asma'u 'yar Shehu da ita, a bakin yaran Ingila kaka ce. Tanko, namijin da ya biyo mata, ya zama tankar yaƙi ko tankin ruwa. Kande, macen da ta biyo maza, ta zama alawa. Garba kuwa, lakabin Abubakar, in ya tsira daga masu haɗa shi da kalmar shara, sai ya faɗa hannun Indiyawa, waɗanda ke da wata shahararriyar rawa ta jihar Gujarat mai wannan suna. Masu ɗaukar sunan gari ma ba su tsira ba. Lame, garin Bauchi da marigayi tsohon minista Ibrahim Yakubu Lame ya ɗauki sunansa, a Turanci gurgu ne, Bichi kuma ta yi kama da wata kalmar zagin da ba zan rubuta ma'anarta a nan ba.

Na Rabi ne dai ba na wasa da shi. Sunan Rabi'atu ne, wanda ake sa wa yara don albarkar Rabi'atul Adawiyya, waliyyiyar Basra. Manhajar gyaran rubutu a waya da kwamfuta ba ta san shi ba, sai ta ƙara masa "b" ya koma "Rabbi", wanda a Turanci malamin Yahudawa ne, a Larabci kuma Ubangijina. Harafi ɗaya ne, amma ba Musulmar da za ta so a kira ta da na biyun.

Inda dariya ke ƙarewa

Duk waɗannan a kunne suke tsayawa, a yi dariya, a gyara, a wuce. Matsalar da ke cin kuɗi da lokaci a kan takarda take.

Buɗe fasfonka ka dubi layuka biyun nan na ƙasa masu alamomi kamar kan kibiya. Kowane layi gurbi 44 ne, kuma ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ba ta yarda da komai a cikinsu ba sai baƙaƙen A zuwa Z, da lambobi, da wannan alama. Babu ƙugiyar ɗ ko ƙ ko ɓ, waɗanda Hausa ta samu tun shekarun 1930, kuma alamar hamza gogewa ake yi a haɗe kalmar. Ta nan ne Ɗan, wanda ke nufin abin da "bin" ke nufi a sunan Balarabe, ya koma "Dan", gajeren Daniel a wurin Turawa. In kuma mai cika fom a gida ya raba sunan biyu, Dan daban Ladi daban, to kwamfuta ta gama yanke hukunci: sunanka Dan. Na ga wasiƙun jami'a da aka buɗe da gaisuwa ga Dan, ana nufin Ɗanjuma. Binta tata matsalar ta fuska biyu ce. Balarabe in ya ji Binta Usman, 'yar Usman yake ji, sai ya tsaya jiran ainihin sunan. A bakin wasu 'yan Ingila kuma "bint", wadda sojojinsu suka kwaso daga Masar, kalmar raini ce ga mace.

A Ƙatar akwai ƙarin mataki ɗaya da waɗanda ke Landan ko Toronto ba su sani ba. Katin zama, wanda ba ka buɗe asusun banki ko kama haya ko ganin likita sai da shi, yana ɗauke da sunanka da rubutun Turanci da na Larabci. Fasfonmu kuwa ba shi da Larabci. To wani ne, a ofishin kamfani ko a shagon buga takardu, zai dubi baƙaƙen boko ya mayar da su Larabci, kuma da karatun Turanci zai yi hakan.

Dubi tafiyar da suna ɗaya ya yi. Ya fito daga Larabci a matsayin Salih, sunan Annabi, ma'anarsa mutumin kirki. Hausa ta karɓe shi ta ce Salihu, ta gajarta shi ta ce Sale. Boko ya rubuta shi da baƙaƙe huɗu, waɗanda su ne daidai baƙaƙen da ke manne da ja a gilashin kowane kanti a titin Al-Sadd lokacin rangwame. Har nan raha ce, mai sunan kan ce duk garin nan shi ake talla. Amma mai buga takarda da bai taɓa jin sunan ba, ɗaya daga biyu zai yi. Ko ya karanta shi yadda Bature zai karanta, ya rubuta sin, ya, lam, wanda a Larabci ambaliyar ruwa ce. Ko ya furta wasulan biyu ya rubuta sin, alif, lam, ya, wanda kowane Balarabe zai karanta Sali, sunan mata. Na taɓa ganin na biyun da idona a takardun wani ɗan'uwanmu mai aikin gadi. Magidanci da 'ya'ya, abokan aiki Larabawa suna tsokanarsa da sunan mace, kuma gyaran sai da ya ci masa zuwa da dawowa da ranakun aikin da ba a biya shi ba. Babu sad, babu ha, babu abin da ya rage na Salihu. 'Yan Nijar sukan rubuta shi Saley, kuma sun yi dace, domin waɗancan baƙaƙe huɗun a Faransanci ƙazami suke nufi.

Sunayen da asalinsu Hausa ne ma ba su tsira a wannan mataki ba. Kande in an rubuta ta kaf, nun, dal, ya babu wasali, Balarabe ɗan Kanada zai karanta.

Abin takaicin shi ne wannan ita ce matsalar da muka fi kowa makamin magance ta. Kakanninmu da ajami suke rubuta sunayensu ƙarnuka kafin zuwan Vischer, kuma yawancinmu mun yi makarantar allo ko Islamiyya. Ɗan Nepal ko ɗan Filifin ba ya iya duba abin da aka rubuta masa da Larabci, mu muna iyawa. Shawarar da nake ba duk sabon zuwa ita ce, kafin a fara masa takardu ya rubuta cikakken sunansa da Larabci da hannunsa, yadda yake so ya fito, ya miƙa tare da kwafin fasfo, kuma ya karanta abin da aka buga kafin a tura. In sunan asalinsa Larabci ne, a mayar da shi gidansu, Sale ya zama Salih da sad da ha, Sani ya zama Thani. Rubutun boko kuwa kada a taɓa shi ko da harafi ɗaya ne, ya zauna yadda yake a fasfo, a takardar shaidar karatu, a banki, a tikitin jirgi. Wanda ya ga Sale ta dame shi ya fara rubuta Saleh a wasu wuraren, ya buɗe wa kansa wata sabuwar wahalar, domin kwamfuta mutum biyu za ta gani.

Game da masu karɓar sunan Turancin da aka laƙa musu, ba na ganin laifin kowa kai tsaye. Wanda ke tsaye sa'a goma sha biyu a ƙofar kanti, mai gidansa na kiransa Sunny, ba shi da sararin buɗe darasin nahawu, kuma ba ni da bakin yi masa wa'azi daga ɗakin karatu mai sanyi. Su ma Hausawa ai haka suka yi wa sunayen Larabawa, suka mayar da Khadija Dije, Abdullahi Audu. Inda nake da magana shi ne a kanmu ɗalibai da ma'aikatan ofis, waɗanda ke da bakin magana amma su ne kan gaba wajen sauƙaƙa wa mutane. Malamin da ya iya furta sunayen Rashawa da Jamusawan da ke cikin littattafansa ba zai gagara furta gaɓa biyu ba. Sau ɗaya ake gyara masa, a ranar farko, da fara'a. In aka bari mako ya wuce, sunan ya zauna.

Wani abu kuma da nake lura da shi shi ne sunayen yaran da ake haifa a nan. Iyaye sun koyi darasi, suna zaɓen waɗanda ke wucewa lafiya a harsuna uku: Maryam, Adam, Sara, Amir, Nur. Sunaye ne masu kyau, ba mai cewa komai. Sai dai sunan rana da lakabi ba liman ke raɗa su ba, kaka ce ko gwaggo ke laƙa su a tsakar gida, kuma a bene na shida a Al-Sadd babu tsakar gida, babu gwaggo.

Kwanan baya na je barka gidan wata maƙwabciyarmu 'yar Zariya. Muna zaune aka kira kakar jaririyar ta bidiyo, aka juya mata waya ta ga jikarta, aka gaya mata sunan da aka sa. Ta yi addu'a, ta sa albarka, sannan ta ce: "Wace rana ce ma aka haife ta?" Aka ce Alhamis da daddare. Ta ce a'a, in bayan magariba ne ai daren Juma'a ya shiga, Jummai ce. Mai jegon ta ce, "Hajiya, a takardar asibiti fa Alhamis suka rubuta." Tsohuwar ta ce su riƙe takardarsu, ita dai Jummai za ta kira ta.